WUƘA A ƘASAR WAJE, JINYA A BOƊINGA

Daga Akawun Jam'iyya, Boɗinga

Makon nan na ajiye maganar haraji da tsadar taki, na ɗauko wata wadda na san wani zai ce ba tamu ba ce, ta matan manya ce. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, sa'an nan ku yanke mini hukunci. Abin da ya shiga gidan mai kuɗi bana, baɗi sai ka tarad da shi a zauren mai ƙaramin ƙarfi, ya zo da bashi a bayansa.

Kwanakin baya wani ɗan'uwanmu mai fataucin albasa zuwa Ikko ya same ni a ofis bayan la'asar. Ya san ni na kan karanta wa jama'a takardun Turanci, na kotu da na banki da na asibiti. Ya jira sai da kowa ya watse, sa'an nan ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam Akawu, duba mini wannan, ka gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah." Na duba, sai ga takarda shafi huɗu daga wani dillali, da hotunan mata kafin aiki da bayan aiki. Iyalinsa ta haihu wata huɗu da suka wuce, haihuwa ta biyar. Cikinta ya saki, fata ta tattare, ta damu ƙwarai. Wata ƙawarta ta birni ta nuna mata talla a waya, wai akwai asibiti a ƙasar Turkiyya inda a ke mai da mace kamar ba ta taɓa haihuwa ba. Kuɗi ɗaya za a biya, ya haɗa da aiki da masauki da motar da za ta ɗauko ta daga filin jirgi, kwana bakwai ta dawo. Na tambaye shi nawa ne. Da ya faɗa, na lissafa, na ga ya kusa cinye jarinsa na shekara.

Na karanta masa takardar daki-daki da Hausa. Shafi uku duk zaƙin baki ne. A shafi na huɗu, da ƙananan baƙaƙe waɗanda sai mutum ya matso da ido, an rubuta cewa duk abin da ya same ta bayan ta bar ƙasar ba ruwan asibitin, kuma in ƙara ta taso sai a kotun can. Sunan likitan da zai riƙe wuƙar kuwa, na nema sama da ƙasa ban gani ba. Alhaji ya yi shiru, ya ce, "Ashe haka ne?" Na ce haka ne, kuma da saura.

To, sauran shi ne na ke so in shimfiɗa muku a nan, domin na tabbata ba shi kaɗai aka aiko wa irin wannan takarda ba.

Da fari, mu san abin da a ke sayarwa. Aiki uku ne a ke haɗawa rana ɗaya. Na ɗaya, a tsaga ciki daga wannan ƙugu zuwa wancan, a ɗaga fata har wajen haƙarƙari, a ɗinke naman cikin da ya buɗe, a yanke fatar da ta yi saura, a sāke wa cibiya wuri. Na biyu, a sa wani bututun ƙarfe a ƙarƙashin fata a zuƙe kitse, wani lokaci a mai da shi cikin ɗuwawu. Na uku, a yanka nono a ɗaga shi, ko a cusa masa roba. Duk wannan mace tana kwance cikin maganin barci sa'o'i da yawa. Jama'a, wanda ya taɓa ganin an yi wa mace aikin fid da jariri ya san yadda ta ke tashi. Wannan ya fi shi tsawon tsaga, ya fi shi daɗewa a kan gadon aiki. Amma a talla sai ka ga yarinya tana dariya a bakin teku, sai ka ce kitso ta je.

Abin da dillali ba ya faɗa shi ne, jikin mai jego ba ya komawa daidai ran da aka yi arba'in. Allah ya halicci mai ciki yadda jininta zai riƙa saurin daskarewa, don kada ta zub da shi duka wajen haihuwa, kuma wannan hali ya kan bi ta makonni shida bayan ta sauka, har ya kan ɗan ja zuwa wata uku. Babban aiki irin wannan shi ma yana sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa. Zama wuri ɗaya cikin jirgi shi ma haka. Daga Istambul zuwa Abuja wajen sa'a shida ne ko bakwai, ga jira a filin jirgi, sa'an nan ga hanyar Sakkwato. In gudan jini ya ɓalle daga ƙafa ya tafi ya toshe huhu, mace tana zaune tana magana sai numfashi ya gagara. Haka kuma kitsen da a ke turawa cikin ɗuwawu, in ya kuskure ya shiga jijiya, huhu ya ke nufa, kuma sau da yawa ba a ko sauko da ita daga gadon aiki.

Akwai kuma wata cuta wadda ta fi yawa a ƙasarmu ta Hausa bisa yawancin ƙasashen duniya, watau raunin zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Likitocin Zariya sun yi rubutu a kanta tun shekarun 1970. A nan Sakkwato, binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, aka buga a 2007, ya sami wajen mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari. Alamunta haki, da kumburin ƙafa, da tari in an kwanta, abubuwan da mu kan ce ai gajiyar jego ce. Ku ƙara da ƙarancin jini, wanda ya zama ruwan dare ga matanmu. Shin likitan da ya ga hoton cikin mace a waya, ya ce ta taho, ya auna zuciyarta? Ya san da wannan cuta tamu? Gwajin da za a yi mata da safe a yanka ta da rana, bayan an riga an karɓe kuɗi, wa zai ce a fasa?

Su kansu likitocin wannan sana'a, masu mutunci daga cikinsu, ga abin da su ke cewa: a jira aƙalla wata shida zuwa shekara bayan haihuwa, a jira sai an yaye, kuma a jira sai mace ta gama haihuwa gaba ɗaya, domin sabon ciki ya kan warware ɗinkin, a koma gidan jiya. To, mu dubi kanmu. Matanmu su kan shayar har kusan shekara biyu. Mace 'yar shekara talatin a Sifawa ko Danchadi ko Shagari, wa ya ce ta gama haihuwa? Bayan aikin kuwa za ta yi kwanaki tana tafiya a duƙe, da roba a cikinta tana tsiyayar da ruwa, kuma za a hana ta ɗaukar abu mai nauyi har mako shida. Mai jaririn wata huɗu ce za a ce kada ta ɗauki kaya? Wa zai goya shi? Wa zai ba shi nono kwana bakwai ɗin da ta ke can?

Kada wani ya ce tsoratarwa ce irin ta akawu. Ku tuna da Stella Obasanjo, matar Shugaban Ƙasa. A watan Oktoba na 2005 ta tafi ƙasar Sifen, wani asibitin masu kuɗi a garin Marbella, don a zuƙe mata kitse. Ba jego ta ke yi ba, saura 'yan makonni ta cika shekara 60, kuma lafiyarta ƙalau ta shiga. Bututun ya zarce ya huda mata hanji da hanta, ba a farga da wuri ba, ta rasu ran 23 ga wata. Daren da ya gabata ne jirgin Bellview ya faɗi bayan ya tashi daga Ikko, ya hallaka mutum 117, ƙasa ta kwana da makoki biyu. Sai a 2009, bayan shekara huɗu, kotun Malaga ta yanke wa likitan ɗaurin shekara ɗaya, ta hana shi aiki shekara uku, ta ce a biya ɗanta diyyar Yuro 120,000. Jama'a, matar Shugaban Ƙasa ke nan, mai jakada, mai lauyoyi, mai masu tsaro a bakin ƙofa. In ita sai da aka yi shekara huɗu kafin a ce wa likita ka yi laifi, matar mai albasa fa, wadda ba ta jin harshen ƙasar, bizarta ta kwana kaɗan ce, wa zai tsaya mata?

Su ma Turawan da mu ke ganin sun fi mu wayo abin yana cinsu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙidaya 'yan ƙasarta 93 da suka mutu bayan irin wannan aiki a Jamhuriyar Dominikan tsakanin 2009 da 2022, kuma a waɗanda aka bincika, yawancinsu kitse ne ko gudan jini ya toshe musu huhu. Gwamnatin Ingila ta ƙidaya nata 28 da suka mutu a Turkiyya daga 2019 zuwa farkon 2024 bayan aikin da suka je da ƙafarsu aka yi musu. Waɗannan ƙasashe ne masu rubuta gawa. Mu nan wa ke ƙidaya namu? In mace ta dawo ta rasu, sai a ce zazzaɓi ne, a rufe, domin kunya ba ta barin a faɗi inda ta je. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ban ce duk likitan Turkiyya ko na Masar ko na Indiya macuci ne ba. Akwai gwanaye a can, kuma mata da yawa sun je sun dawo lafiya. Amma ko gwani ne ya yi aikin, akwai abin da ba ya iya yi, watau ya biyo ki gida. Yawancin wahalar wannan aiki ba a makon farko ta ke fitowa ba. A mako na biyu da na uku ne ruwa ke taruwa a ƙarƙashin fata, ko ɗinki ya buɗe, ko miki ya yi ruwa ya fara wari, ko fatar da aka ja ta yi baƙi ta mutu. A lokacin nan tana ina? Tana ɗakinta a Boɗinga. A buga wa dillali waya, ya ce a aiko hoto. A aika, ya ce a sha magani. A sāke bugawa, waya a kashe. Daga nan sai a sa ta a mota a nufi Sakkwato, a kai wa likitan da bai ga yadda aka yanka ba, ba shi da takardar abin da aka yi, bai san irin robar da aka sa ba, ga layin masu haihuwa da masu haɗarin mota suna jiransa. Kuɗin kuwa an bar su can. Sai a shiga sai da gona da tumaki. Garin gyaran gira an rasa ido.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu maza, domin in ban faɗi wannan ba na yi rabin gaskiya. Na tambayi Alhaji, "Me ya sa ta damu haka?" Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce wata rana cikin wasa ya ce mata ta zama kamar buhun da aka zazzage, kuma a watan nan ne maganar ƙarin aurensa ta fito. To, kun ji inda wuƙar ta fara. Mace ta ɗauki cikinka sau biyar, ta yi naƙuda sau biyar, ta yi wankan jego da tafasasshen ruwa, ta sha kunun kanwa, ta hana idonta barci, sa'an nan ladanta shi ne ka yi mata ba'a da cikin da 'ya'yanka suka kwana a ciki? Ba teku ta ke sha'awa ba, tsoron kishiya ne ya kai ta ga dillali. Masu sai da maganin mata a kasuwanninmu sun daɗe suna cin abinci da wannan tsoro, yanzu kuma ga manyansu sun iso da jirgin sama. Mai son ya ƙara aure, addini ya ba shi dama, amma bai ba shi damar wulakanta uwar 'ya'yansa ba. Hukuncin aikin kansa, halal ne ko haram, na bar wa malamai, su ne masu shi. Abin da na ji suna bambantawa shi ne gyaran lahani mai cutarwa daban, sāke halitta don ado daban.

Wannan bambanci kuwa likitoci ma suna yinsa. Akwai lahani na gaske da haihuwa ke bari. Wata naman cikinta ya kan rabu biyu har baya ya riƙa ciwo. Wata hanji ya kan turo ta wajen cibiya. Wata mahaifa ta kan zazzago. Wata kuwa, Allah ya kiyashe mu, doguwar naƙuda ta kan bar ta da yoyon fitsari, miji ya guje ta, a ware mata ƙwarya. Waɗannan su ne masu bukatar wuƙa, kuma wuƙarsu tana nan gida. A Sakkwato akwai sashen masu yoyon fitsari a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha. A Katsina akwai Babbar Ruga, inda wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara wannan aiki tun shekarun 1980, ya ɗinke mata dubbai, ya kuma koyar da likitocinmu. Har wa yau a Sakkwato akwai asibitin da aka kafa a 1999 don cutar nan mai cin baki da fuskar yara, wadda likitoci ke kira noma, inda a ke sāke gina wa yaro leɓe da hanci da kumatu ba tare da an karɓi kuɗinsa ba. Ashe gyaran jiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Hannun da ya iya mai da wa yaro fuska, ba ɗinkin ciki ne zai gagare shi ba, in an ba shi kayan aiki da wuta da albashi.

To, a nan ne maganar ta zama ta jam'iyya. Wa ya koya wa mutanenmu cewa lafiya sai a ƙasar waje? Manyanmu ne. Filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yana kan hanyarmu ta zuwa birni, mu kan ga jirage suna wucewa ta bisa gonakinmu. Mun san masu shiga. Ciwon kai ya kama babban mutum, sai Landan. Ciwon gwiwa, sai Dubai ko Alƙahira. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wata uku a asibitin Jidda daga Nuwamba 2009, ƙasa ta rasa mai riƙe ta. Marigayi Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana ɗari a jere a Landan a 2017, kuma a can Allah ya karɓi ransa ran 13 ga Yuli 2025. Allah ya jiƙansu, cuta ce ta kai su, ba ado ba, kuma ba gawa na ke wa shari'a ba. Amma a 2017 ɗin nan matar Shugaban Ƙasa, Aisha Buhari, ta fito bainar jama'a ta ce na'urar ɗaukar hoton ƙashi ta asibitin fadar Shugaban Ƙasa ba ta aiki. In asibitin fada ke nan, ina ga na ƙauye? Talaka yana kallo. Ya ga mai mulki ba ya yarda da asibitin da shi ya gina, shi ma ran da ya sami 'yan kuɗi sai ya nemi fasfo. Dillalin Istambul bai yi wahalar talla ba, shugabanninmu sun riga sun yi masa.

Ga alkawarin da suka ɗauka. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, cikin gidanmu, suka sa hannu cewa kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinta don lafiya. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan ba, yawancin shekaru tsakanin kashi 4 da 6 ta ke yawo. A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda sashenta na 46 ya hana a kai ma'aikacin gwamnati jinya waje da kuɗin jama'a, sai in kwamitin likitoci ya ce ba makawa, minista ko kwamishina ya sa hannu. Dokar tana nan a takarda. Ku tambayi ɗan majalisarku mutum nawa aka kai, nawa aka kashe, wane kwamiti ya zauna.

Ga kuma abin da rashin cika alkawari ya haifar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata wajen 75,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya duka. Ku raba da kwanakin shekara, za ku sami fiye da mace 200 kowace rana. Watau kullum sai mun yi asarar da ta kusa jirgin Bellview biyu, ba a sauke tuta, ba a yi hutu. Yawancinsu kuwa matan Arewa ne, matan ƙauye, waɗanda jini ya ɓalle musu da dare ba mota, ko aka kai su asibiti ba jinin ƙari, ba mai ba da maganin barci. Ƙasa ɗaya, wata tana biyan miliyoyi a rage mata fatar ciki, wata tana mutuwa don rashin leda biyu ta jini. Wannan shi ne mulkin da mu ke adawa da shi.

Saboda haka ga abin da mu ke nema, kuma ina roƙon kowane reshe ya karanta shi a taronsa. A bi sashe na 46 da gaske, a riƙa buga sunayen muƙaman da aka kai waje da kuɗin da aka kashe, kowace shekara. A tabbatar babban asibitin Boɗinga da na Shagari da na kowace ƙaramar hukuma yana da likitan da zai iya fid da jariri dare da rana, da ma'ajiyar jini, da wutar da ba ta ɗaukewa, da motar ɗaukar mai naƙuda da mai a cikinta. A sa ido kan dillalan da ke tallar tiyata a waya, duk wanda ya tura mace waje ya zama akwai inda za a kama shi in ta lalace. A riƙe likitocinmu da albashin kirki, domin su ma jirgin nan su ke bi suna tafiya.

Wadda kuma ta ji duk wannan ta ce ita dai sai ta yi, jikinta ne, ba ni da sandar dukanta. Amma 'yar'uwa, ki riƙe waɗannan. Kada ki yi sai kin yaye, kin kuma tabbata kin gama haihuwa. Ki fara zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Zariya ko na Kano a auna jininki da zuciyarki, likita ya taɓa cikin da hannunsa, ya gaya miki ko aiki ki ke bukata ko motsa jiki da haƙuri, domin da yawa cikin ya kan koma da kansa cikin shekara. In aiki ne, ki nemi a yi shi inda likitan zai gan ki bayan mako biyu da bayan wata uku. Ko a gida ma ki bincika, domin a Ikko hukuma ta rufe wani asibitin gyaran jiki a 2020 bayan koke-koken jama'a. Kowane likitan gaskiya yana da rajista a Hukumar Likitoci ta Ƙasa, ki tambaya. In kin nace sai waje, ki san sunan likitan da takardun ƙwarewarsa, ki yi magana da shi kansa, ba da dillali ba. Ki tambaya ko asibitin yana da ɗakin masu tsananin ciwo da jinin ƙari. Kada ki yarda a haɗa miki aiki uku rana ɗaya don araha, araha ba ta ado. Kada ki hau jirgi kafin kwana goma bayan aikin ciki, ko fiye in likita ya ce. Ki tafi da wanda zai tsaya miki, ki karɓo takardar duk abin da aka yi, ki shirya da likitan gida tun kafin ki tashi, ki kuma ajiye kuɗin jinya daban. Kada ki sa hannu a takardar da ba a karanta miki da Hausa ba. In kin rasa mai karantawa, ofishin jam'iyya a buɗe ya ke, ba mu karɓar ko kwabo, kuma ba mu fid da asirin kowa.

Alhaji dai bai biya ba. Na ce masa, "Alhaji, ka kai ta Sakkwato a duba ta, sa'an nan ka koma gida ka janye maganar buhun nan, domin ita ce ciwon." Ya yi dariya, ya ce, "Malam Akawu, na farkon ya fi sauƙi." Bayan mako biyu ya dawo ya ce an duba, an tarar jininta ya yi ƙasa ƙwarai, an ɗora ta a kan magani, an ce ta dawo bayan ta yaye a sāke dubawa. Ya ce da ya ji haka sai da gabansa ya faɗi, domin da yanzu tana can an tsaga ta da wannan jinin. Na biyun kuwa ban tambaye shi ba, tsakaninsa da iyalinsa ne.

Ya 'yan'uwa, ran kasuwa in kun zauna a rumfa, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ku kuma kai maganar cikin gida, domin su aka nufa da tallar. Ran zaɓe kuma, duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi a wane asibiti matarsa ta haihu. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, ya ba talaka sawaba. Wassalam.